Yadda Ake Duba Tsohon Injin Chevrolet 454 Kafin A Biya Kuɗi

Injin Chevrolet 454 da aka ƙera a 1972 ya haura shekara 50 a duniya. A tsawon wannan lokaci ya bi ta hannun mutane da yawa, kuma wanda yake son sayar maka da shi yau, ko da mai gaskiya ne, bai san rabin abin da ya same shi ba. Zai ce maka lafiya lau yake tashi ranar da aka sauke shi, ko ya ce ba a daɗe da yi masa obahol ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma kai abin da ka gani da idonka ka auna da hannunka shi kaɗai za ka biya kuɗinsa. Duk abin da ba a bari ka auna ba, ka ɗauka ya lalace, ka yi farashi a kan haka.

Na zaɓi 454 ne domin a cikin manyan injinan Amurka masu silinda takwas, waɗanda ake kira babban bulok (bulok shi ne gangar jikin injin da silindoji ke ciki), yana cikin waɗanda aka fi cin karo da su a hannun masu sayarwa. Dangin nasa sun fara ne da 396 a 1965, 427 ya biyo baya a 1966, shi kuma 454 ya fito a 1970 da girman lita 7.4. Waɗannan lambobi, 396 da 427 da 454, girman injin ne a awon inci kubik. An sa shi a Chevelle da Corvette, amma mafi yawansu a motocin ɗaukar kaya da Suburban da motocin da ake kwana a ciki da jiragen ruwa suka yi rayuwarsu. Wannan bambancin shi ne tushen yawancin rikicin farashi. Samfurin LS6 na Chevelle ta 1970 an rubuta masa ƙarfin doki 450. Na motar kaya ta shekarun 1980 kuwa bai wuce doki 230 da 'yan kai ba. A ido duk ɗaya suke, musamman idan an fesa musu jan fenti mai ruwan lemo irin na Chevrolet.

Abin da za ka riƙa

Ka tafi da tocila mai haske sosai, da buroshin waya, da tsumma, da ɗan fetur ko kananzir na goge datti, da maganaɗisu, da dogon hannun soket, da gejin auna matsin silinda, da gejin matsin baƙin mai irin na allura, da batir mai caji. Idan za ka samu ƙaramar kyamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya, ka riƙe ta, don ita ce za ta nuna maka cikin silinda ba tare da an kwance komai ba. Kar ka manta cewa notinan wannan inji da awon inci aka yi su. Sifanun milimita da ake kwance Toyota da su za su cinye kan noti ne kawai, mai kaya kuma ya ɓata rai tun ba a fara ciniki ba.

Kafin ka fita, ka kira mai shi ka roƙi abu biyu: kada ya tayar da injin kafin ka iso, kada kuma ya wanke shi. Yadda ya karɓi wannan roƙon ma wani abu ne da za ka lura da shi.

Mataki na farko: ka tabbatar da abin da ke gabanka

Kafin a zo maganar lafiyar inji, sai an san ko shi ne ma. A bayan bulok, ɓangaren direba, a kan leɓen da gidan giya ke kamawa, akwai lamba da aka zuba tare da ƙarfen tun a masana'anta, haruffanta a tashe suke. Maiƙo da ƙasa sukan rufe ta, sai ka goge da buroshi. Lambobi irin su 3963512 da 3999289 da 361959 da 14015445 sanannu ne a bulok ɗin da aka yi 454 da shi, sai dai ta farkon an yi 427 da ita ma. Akwai kuma ranar zubi: harafi ɗaya na wata, A Janairu har zuwa L Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Idan ka ga C 12 0, wato 12 ga Maris 1970 ke nan, ko 1980, lambar bulok ce za ta raba maka gardama.

Daga nan ka zagaya gaba, ɓangaren fasinja. A gaban kan silinda, wanda makanikai ke kira tof, akwai wani ɗan fili mai santsi da aka buga wa lambobi da guduma. Yawanci za ka ga T a farko, wato masana'antar Tonawanda da ke jihar New York, sai lambobi huɗu na wata da ranar da aka haɗa injin, sai haruffan da ke faɗin irinsa. Daga 1970 haruffan sun zama uku, na ƙananan motoci suna farawa da C, na motocin kaya da T. CRV da CRR su ne na LS6 na 1970. Idan ka ga CE a farko, injin canji ne da kamfani ya bayar daga baya.

A nan ake yin maguɗi, don haka ka tsaya sosai. Ka kwantar da tocila ta haska filin ta gefe. Filin asali yana da siraran layuka miƙaƙƙu da suka tafi daga gaba zuwa baya, sawun na'urar da ta fere shi a masana'anta. Idan layukan lanƙwasassu ne ko kuma filin ya yi sumul, an sake fere saman bulok ɗin a wani gareji. Ferewa ba laifi ba ce, gyara ne da ake yi. Amma ferewa tana share lambobin asali, to idan an fere kuma ga lambobi raɗau a kai, wani ne ya sake buga su. Sannan ka gwada ranakun biyu: dole ranar zubi ta riga ranar haɗawa, galibi da kwanaki ko 'yan makonni. Bulok ɗin da aka zuba a 1974 ba zai zama injin da aka haɗa a 1970 ba. Idan kuwa an goge filin da gangan har ya yi rami, ni shawarata ka bar shi ko nawa ne, domin injin sata ba ya zama halal don an yi masa araha.

Akwai 'yan uwa uku da ake rikita su da wanda kake nema. Na farko, injinan manyan motoci na 366 da 427 masu dogon bulok, tsayinsu daga tsakiyar karanshaf zuwa sama inci 10.2 ne maimakon 9.8. Suna da ƙarfi da juriya, amma manifol da distirbuto na sauran ba sa hawa kansu kai tsaye, 366 kuma silindarsa ƙarama ce ƙwarai. Ka dubi tazarar da ke tsakanin notin famfon ruwa na sama da saman bulok, a dogon bulok za ka ga ta fi faɗi. Na biyu, 454 na 1991 zuwa sama. Wannan an canza masa zubi: silin bayan karanshaf guda ɗaya ne, babu mazaunin famfon fetur a gefen bulok, hanyoyin ruwansa kuma ba su yi daidai da tsofaffin tof ba. Inji ne mai kyau, sai dai ba shi ne tsohon ba. Na uku, 396 ko 402 da aka ce maka 454 ne. Ka leƙa bayan fulin da ke gaban karanshaf. Na 454 yana da nauyi a gefe guda, domin ana daidaita jijjigar wannan inji daga waje ne, a fuli da fulawil. Na 396 da 427 ba su da shi. Wannan ya sa idan aka ɗaura wa 454 fulawil ɗin 396, zai yi ta karkarwa har ya cinye metal ɗinsa, wato faifan da karanshaf ke juyawa a kansu.

Mataki na biyu: tsaga

Komai na jikin wannan inji ana sayen sabonsa a yau, fistan da ringi da kamshaf da tof har da karanshaf. Abin da kake biyan kuɗinsa a zahiri shi ne bulok. Idan ya tsage a mugun wuri, sauran duk tarkace ne. Saboda haka wannan matakin ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ka tambayi inda injin ya zauna. A jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Minnesota, idan aka bar ruwa zalla a cikin inji lokacin hunturu, ruwan yakan daskare ya kumbura ya fasa ƙarfen daga ciki. Irin wannan tsagar tana bin gefen bulok a kwance, tsakanin marufan ƙarfen da ke toshe ramukan ruwa da saman bulok, ko kuma a cikin kwarin da ke ƙarƙashin manifol. Ka goge gefen biyu, ka bi su da tocila a hankali. Siririn layin tsatsa da ya gangaro daga inda babu mahaɗa, wannan tsaga ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Marufin da ya turo waje shi ma shaida ne cewa ruwa ya taɓa daskarewa a ciki. Ka shafa da yatsa ka ji ko akwai wurin da ya yi tudu ko laushi a ƙarƙashin fenti, domin ana cike tsaga da gam mai tauri a fesa fenti a kai. Maganaɗisu ba ya kama gam, ba ya kama waldar tagulla.

Ka duba mazaunin sitata a ƙasa ta baya, ɓangaren fasinja. Kunnen da notin waje ke shiga yakan karye, kuma gyaransa a ƙarfen zubi ba ƙaramin aiki ba ne. Ka duba kunnuwan da gidan giya ke kamawa da ramukan kujerar inji.

Injin jirgin ruwa yana buƙatar ƙarin tsoro. An yi amfani da 454 sosai a jiragen da MerCruiser da makamantansu suka haɗa wa inji, wasu kuma ruwan teku ne yake bi ta cikinsu kai tsaye yana sanyaya su. Gishiri yana cin bangon silinda ta baya, inda ido ba ya gani. Ka cire famfon ruwa ko gidan tamostat ka leƙa. Tsatsa ja sama-sama ba komai ba ce. Ɓawon tsatsa mai kauri da ke ɓantarewa da sukudireba kuwa, ƙarfen bulok ne yake zubewa. Wasu injinan jirgi ma baibai suke juyawa, sai an canza musu kamshaf da wasu kaya kafin su shiga mota.

Mataki na uku: ka juya shi da hannu, ka karanta abin da ya bari

Ka cire fulogi takwas ɗin, ka jera su yadda suke a jikin injin: 1, 3, 5, 7 a ɓangaren direba, 2, 4, 6, 8 a ɓangaren fasinja. Ruwan ƙasa-ƙasa busasshe shi ake so. Baƙi mai maiƙo yana nufin silindar tana shan mai. Wanda ya fita fes a cikin 'yan uwansa masu datti ba abin murna ba ne, sau da yawa tururin ruwa ne ya wanke shi, wato ruwa yana shiga wannan silindar. Tsatsa a bakin fulogi kuma ta nuna ruwa ya kwana a ciki.

Ka ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka sa dogon hannu a notin gaban karanshaf, ka juya shi zagaye biyu cikakku. Ya kamata ya tafi da nauyi iri ɗaya. Idan ya cije a wuri guda kada ka tilasta shi, ko tsatsa ce a silinda ko bawul ne ya maƙale. Injin da ya ƙi juyawa sam ba lallai ya mutu ba, amma farashinsa farashin bulok ne da ba a gwada ba. Tun kana wurin, ka buɗe murfin distirbuto, ka juya karanshaf gaba kaɗan, sannan ka dawo da shi baya kana kallon rota. Idan fuli ya yi tafiyar da ta wuce digiri 8 zuwa 10 kafin rota ta motsa, sarƙar tayimin ta saki. Sai ka sa ƙarfe ka tura karanshaf gaba da baya. Wasan da aka yarda da shi kimanin inci 0.006 zuwa 0.010 ne, abin da da ƙyar ido zai gani. Idan ka ji ƙwas kuma ka ga motsi a fili, metal ɗin da ke tare shi ya cinye, wataƙila har da karanshaf ɗin.

Yanzu ka tura kyamara cikin kowace silinda, fistan yana ƙasa. Kana neman siraran layukan da suka gicciye juna a bango, alamar cewa bai gama sulɓewa ba. Zane mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, ko zoben tsatsa inda ruwa ya tsaya, duk suna nufin sai an yi bori, wato a fere silindar a faɗaɗa ta. A kan fistan ana iya ganin .030 ko .060, wato abin da aka ƙara wa faɗin silinda a awon inci lokacin da aka yi bori. Asalin faɗin silindar 454 inci 4.25 ne. Wanda yake sitanda ko .030 yana da sauran rayuwa a gaba. Wanda ya riga ya kai .060 kuma ya sake cinyewa, kada ka saya sai an auna kaurin bangonsa.

Ka zaro sandar gwajin mai. Idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi. Idan sabo ne fil a injin da aka ce ya shekara a ajiye, ka tambayi dalili. Amma babban mai ba da labari shi ne filta. Ka saya wa mai kayan sabuwa, ka roƙi tsohuwar. Kada ka yanka ta da zarto, don garin zarton zai rikita maka abin da kake nema, ka huda gindinta ka bi da almakashin kwano. Ka yanko takardar ciki, ka matse man, ka baje ta a rana. A cikin lungunan ninkin ne komai yake taruwa. Ƙyalli mai ruwan tagulla ko zinariya daga metal yake. Baƙin gari mai bin maganaɗisu, yawanci kamshaf ne da tafet, wato ƙarafan da ke hawa kan ƙullinsa, suke cin juna. Fari mai ƙyalli da ba ya bin maganaɗisu, ka zargi fistan. Ɗan ƙura kaɗan ba a rasa ta a tsohon inji, amma ɓarɓashin da za ka iya ɗauka da farce magana ce babba.

Mataki na huɗu: ƙarƙashin murfin bawul

Notina kaɗan ne, babu mai sayarwa na kirki da zai hana ka. Da ka ɗaga za ka san irin riƙon da aka yi wa injin. Launin ruwan zuma a jikin ƙarfe alamar ana canza mai ne. Baƙin kitse mai kauri da ya toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa alamar sakaci ne na shekaru.

A tsakanin sifirin ɗin bawul za ka ga lambar zubin tof. Masu ƙarewa da 781 da 049 su ne waɗanda masu haɗa injin titi suka fi nema, ramukan shan iskarsu manya ne masu siffar ƙwai. Masu ƙarewa da 236 na motocin kaya ne na baya-baya, ramukansu ƙanana, suna da kyau wajen jan kaya amma ba su da daraja a kasuwa. Masu rami mai kusurwa huɗu su ne na injinan gudu irin LS6. Ka tabbata tof ɗin biyu lambarsu ɗaya.

Sai ka sa wani ya juya injin kana kallon roka 16 ɗin, wato ƙarafan da ke danna bawul. Duk na shan iska su nutsa daidai da juna, haka na fitar da hayaƙi. Wadda ta ɗan motsa kawai, ƙullin kamshaf ɗinta ya cinye. Wannan ciwo ne da ya zama ruwan dare a waɗannan injinan, domin tafet ɗinsu mai shafaffen gindi ne, yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinki da yawa, mafi yawan man zamani kuma an rage masa shi. Akwai wata alama da ke tona asiri: idan notin roka ɗaya ya nutse har zaren da ya fito samansa ya fi na sauran tsawo, wani ne ya yi ta ɗaure shi don ya kashe ƙara. Kuma kamshaf ba ya cinyewa shi kaɗai, garin ƙarfensa ya riga ya zaga cikin metal duka. Ka dubi saman sandunan bawul ta gefe su ma. Na hayaƙi da ya fi 'yan uwansa tsawo ya nutse ne cikin mazauninsa, abin da kan faru ga tof ɗin da aka yi don fetur mai darma idan ya daɗe yana aiki mai nauyi da fetur ɗin yanzu.

Mataki na biyar: awon matsi

Ko injin yana ƙasa a kan katako ana iya wannan, domin sitatan Chevrolet a jikin bulok yake ɗaure, fulawil kawai yake buƙata. Sai dai ka ɗaure injin da kyau, nauyinsa ya kai kilo 300, idan ya mirgina kan ƙafa ba a magana. Wanda ya daɗe a ajiye kuma a fara tura masa mai: a cire distirbuto, a juya famfon mai da dirila da sandar da aka yi don haka, har mai ya fito a roka. A nan ma za ka ga matsin mai a geji.

Fulogi duka a waje, totur a buɗe, wuta a katse. Kowace silinda ka ba ta bugu biyar ko shida, ka rubuta. Injinan da aka yi daga 1971, lokacin da General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ya rage matsi saboda fetur marar darma, sukan nuna tsakanin psi 120 da 150 (psi shi ne ma'aunin matsi a geji). Injin sanyi yakan ba da ƙasa da na mai zafi, don haka kada lambar kanta ta ɗauke maka hankali. Daidaito ake nema: mafi ƙanƙanta kada ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100, a yi haƙuri da 15 a injin da ya daɗe bai tashi ba. Wadda ta faɗi, ka zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake. Idan ta tashi, ringi ne. Idan ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu.

In da hali, gwajin tura iska ya fi wannan faɗin gaskiya. Ana kawo fistan sama bawul biyu a rufe, a tura iskar kwamfuresa ta ramin fulogi, geji ya nuna kashi nawa ke zurarewa. Ƙasa da 10 inji ne mai kyau, zuwa 20 ana iya zama da shi, daga 30 sai kwancewa. Kunnenka ne zai gaya maka inda take fita: idan ta kafireto ce, bawul ɗin shan iska ne; idan ta salansa ce, bawul ɗin hayaƙi ne; idan ta ramin zuba mai ce, ringi ne. Idan kuwa kumfa ta taso a lagireto ko iska ta fito ta hanyar ruwa, to ka yi addu'a gasket ne, domin ɗaya amsar ita ce tsaga. Ka cire dogon hannun daga notin karanshaf kafin ka buɗe iska, yana iya juyowa da ƙarfin da zai karya hannu.

Idan yana tashi

Ka taɓa manifol ɗin hayaƙi ka tabbatar da sanyi yake. Ka ɗaura gejinka na mai, kada ka dogara da na mota. Da ya tashi allura ta hau nan take. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa a daƙiƙun farko, wadda ke ɓacewa da mai ya hau, metal ne da ya yi sako-sako. Ka bar shi ya yi zafi sosai, minti 20 ko fiye, domin mai mai sanyi yana rufa wa kowane inji asiri. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe da ita ita ce psi 10 ga kowane zagaye 1,000 a minti. A silo da zafi, psi 20 zuwa sama hankali kwance, ƙasa da 10 kuwa injin ya gaji.

Shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci da safe daga silin bawul yake, gyara mai sauƙi. Wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, ringi ne. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Ka buɗe murfin zuba mai ka ga yawan hucin da ke fitowa. Injinan motocin kwana suna yaudarar mutane da ƙarancin tafiya a agogo, alhali sun yi rayuwarsu suna jan nauyi a cikin matsattsen wuri mai zafi, shi ya sa ake yawan samun manifol ɗinsu a fashe.

Kaskon mai da garejin bori

Idan kuɗin da ake magana mai yawa ne, ka nemi a sauke kaskon mai. A nan kaɗai ake tabbatar da ko marufan manyan metal noti biyu ne ko huɗu, duk wata alama ta waje zato ce. Ra'ayina, ana zuzuta noti huɗu fiye da kima. Ga motar da za ta hau titi, bulok mai noti biyu lafiyayye ya wadatar, kuma ya fi mai huɗu da aka yi wa walda nesa ba kusa ba. Karanshaf na zubi yana da siririn layi a inda aka haɗa shi, na ƙira kuwa layinsa mai faɗi ne. Ka duba gindin kaskon da rariyar famfon mai: gutsattsarin roba mai tauri haƙoran giyar tayimin ne, wadda kamfanin ya riƙa lulluɓewa da nailan don rage ƙara. Konrod, wato sandar da ta haɗa fistan da karanshaf, da ya yi baƙi ko shuɗi a gindinsa ya taɓa yin zafin bugawa. Ka buɗe murfin metal ɗaya ko biyu, ka karanta bayansa, za ka ga sitanda ne ko .010 ko .020, wato sau nawa aka yi wa karanshaf girandin. Tagulla a fuskar metal tana nufin ya ƙare.

Duk da haka akwai tsagar da ido ba ya gani. Garejin bori ne ke wanke bulok, ya yi masa gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe da ake kira Magnaflux, ya toshe hanyoyin ruwa ya matsa iska, ya auna kaurin bangon silinda da na'urar sauti. Wannan ba ya yiwuwa sai bayan an kwance, don haka ka nemi a rubuta a takardar ciniki cewa idan gwajin ya nuna tsaga za a mayar maka da kuɗinka, a sa wa'adi, a rubuta lambobin injin a ciki, kowa ya sa hannu.

Wanda yake saye daga nesa, ta hannun ɗan uwa ko dillali a Amurka, shi ya fi kowa buƙatar wannan tsari, don cinikin biri a sama ne, kuma injin da aka yi lodinsa a jirgin ruwa aka turo maka ba ya komawa. Ka biya makaniken da ba shi da alaƙa da mai kayan ya je ya yi awon, ya ɗauki bidiyo ba yankewa, daga lambar bulok zuwa allurar geji.

Idan Ford ko Chrysler ne a gabanka, matakan ba su canza ba, lambobin ne suka bambanta. A dangin FE na Ford, 360 da 390 kamarsu ɗaya a waje, da yawansu ma 352 ne a rubuce a gaban bulok, sai an auna tafiyar fistan: inci 3.50 na 360, inci 3.78 na 390. Ford 460 daga 1979 daga waje ake daidaita shi. Chrysler 440 kuma ana buga girmansa a wani fili a saman bulok ta gaba.

Farashi

Kashi uku ne. Injin da bai juya ba ko ba a bari ka gwada ba, kuɗin kayan gyara za ka biya. Wanda ya tashi, ya ba da matsi daidai da mai mai kyau da zafi, kuɗin inji mai aiki. Wanda aka ce an yi masa obahol, sai an nuna rasit ɗin garejin bori da na kayan da aka saya, masu kwanan wata da awon da aka yi. In babu rasit ya koma kashi na biyu, komai kyan fentinsa. Duk aibin da ka gano ka rubuta shi da kuɗin gyaransa, ka nuna wa mai kayan takardar, ciniki ya fi tafiya da daɗi a kan abin da kowa ya gani.

Kafin a ɗora shi a mota, ka tattara ƙananan kayan da ake mantawa: fulawil da fulinsa na asali, ƙarafan da ke riƙe altaneto da famfon sitiyari, fulin fanbel, sandar gwajin mai da bututunta, manifol ɗin hayaƙi. Famfon ruwan waɗannan injinan akwai gajere akwai dogo, kowanne da nasa ƙarafan da fuli, kuma nemansu ɗaya-ɗaya daga baya yana cin kuɗi da lokaci. Ka tsiyaye ruwan bulok ta ƙananan notinan da ke gefe biyu, ka fesa mai a kowace silinda, ka mayar da fulogi, ka toshe bakin kafireto da ramukan hayaƙi da tef. Nauyin kuma ya zauna a kan kujerun inji ko leɓen bulok, kada a dangana shi a kan kaskon mai, don yana lotsawa ya danne rariyar famfo.